Ramin da Ya Hana Ni Goyo

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Wadda ta gamu da ni bakin rijiya ta tambaya, wadda ke nesa ta aiko murya ta waya: yaya Sakkwato, mi kika gani, mi ya tsaida ke haka? Ni ba yawon buɗe ido na je ba, kuma na gaji da maimaita magana guda. Ga shi na rubuta. Wadda ta iya karatu ta karanta ma wadda ba ta iya ba, ku ƙyale ni.

Bari in fara da ciwon, tunda shi kuke ta kewayawa. Ba basir ba ne, ba kuma jifa anka yi mini ba. Wani ɗan rami ne kamar hudar allura, can ƙasan baya, daidai inda tsagar mazaunai ta fara. Gashi ke shiga ciki ya dunƙule, wurin ya kumbura, ya yi ruwa, ya fashe, ya lafa, ya sake dawowa. Tun ina kwalej nake fama da shi, shi ya sa kuke ganina kullum a karkace bisa benci. Bayan na haihu ya tsananta, anka yi mini aiki a Madawa. Ba su ɗinke ba, sunka ce kullum a wanke a cusa kwampires, audugar nan ta asibiti, har nama ya ciko daga ƙasa. Kullum fa! Daga ƙauyenmu zuwa gidan likita rabin wuni ne a amalanke. Munka ɗan yi, munka gaji. Tsofaffi sunka daka bagaruwa sunka barbaɗa, baki ya rufe sumul, kowa ya yi hamdala, na ɗauki goyona na koma bakin turmi. Ba a jima ba ya fashe, wannan karon baki biyu.

Majon asibiti, babban ma'aikacin jinyar da ya duba ni, bai ɓoye mini komi ba. Ya ce sama ce ta rufe, ƙasa na nan rami, sai an sake aiki, kuma sai na zauna kusa da inda za a riƙa yi mini pansama, wato wanke ciwon da canza auduga, kowace safiya.

"Goyo kuwa ki manta da shi," in ji shi. "Nauyin yarinya da zufa da gugar zane, duk nan suke sauka."

Maigidana yana Abija, can bakin teku, wurin bidar kuɗi. Ta waya anka yanke shawara: Sakkwato, don can Gwaggo Hajo, ƙanwar babana, take aure, kuma gidansu kusa da asibiti yake. Saura yarinyar. Lokacin tana rarrafe, tana kama bango ta miƙe, yayenta bai ko matso ba. Inna, uwar mijina, ta ce: "Ku bar min ita. Yayenta ne ya zo da wuri."

Kun san ni da baki. Har darektan lakwal, shugaban makarantarmu, na taɓa yi ma gardama gaban mutane. Amma wagga ɗiyar fari ce, kuma kun san yadda muke: ba a faɗin sunanta, ba a kallonta gaban manya, in anka yi zancenta sai ka sunkuya kamar ba da kai ake ba. Safiyar da za mu tashi, Inna ta riga ta shige da ita maƙwabta don kada ta ganni. Ban tambaya ba. Na yi bankwana da kowa, na duba ko an ba awaki ruwa, na fita.

Wana Ila ne ya raka ni. Zuwa Karofane a amalanken albasa munka je, ni kwance rub da ciki bisa buhuna. Ban san akwai wata wahalar tana jira ba: nono ya cika ya yi tauri kamar dutse. Baya ba ya kwantuwa, gaba ba ya kwantuwa. Duk ramin da jaki ya faɗa sai na rasa wane gefe zan kare. Gero lokacin bai wuce tsawon yatsa ba, mutane na gonaki suna ɗago hannu, ni ina amsa gaisuwa da haɓa bisa buhu.

Daga Madawa munka shiga motar haya, hiyas, mai zuwa Ƙwanni. Na ce ma karen mota ba ni iya zama. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce: "To Hajiya, tsaye za ki tahi ko bisa kaya?" Ƙarshenta durƙusawa na yi bisa kujera, na juya baya ga direba, na rungume majinginar. Ke nan fuskata na kallon na bayana, kusa da kusa. Kuma cikin mutanen duniya duka, wadda Allah ya ajiye gabana mace ce da jinjiri yana shan nono. Yana sha yana wasa da ƙafa, yana wannan ɗan gurnanin da suke yi. Kafin mu yi nisa gaban rigata ya jiƙe. Matar ta lura. Sai da munka wuce shingen jandarma, sannan ta rage murya.

"Ya rasu ne?"

"A'a. Tana gida."

"Ta fari?"

Na kau da kai. Ta yi murmushi, ta ciro wani tsumma mai tsabta daga jakarta ta miƙo mini. Har munka rabu ban tambayi sunanta ba.

A iyaka kabu-kabu ke ƙetarar da mutane. Yaya zan hau? Tsayawa na yi bisa matakan ƙafa, na dafa kafaɗun mai babur, yana ta faɗin: "Don Allah ki zamna, za ki kada mu!" Ila na biye yana shelanta ma duk wanda ya kalle mu cewa ciwon baya ne. A wani shinge can gaba anka sauke mu, anka ce kowa ya zauna bisa benci a duba takardu. Kowa ya zauna ban da ni. Wani mai kaki ya zagayo ta bayana, ya ga tudun auduga ƙarƙashin zane, ya ce lalle kaya na ɓoye. Na ce masa kaya ne kam, in yana so ya ɗauka, ni ma na gaji da su. Anka kira wata ma'aikaciya ta shiga da ni ɗaki. Tana ɗaga zane ta ga abin da ta gani, ta yi salati, ta mayar da zanen, da kanta ta ɗaure mini. Da muna fita ita ce har da saya mini ruwan leda.

Gidan Gwaggo gidan haya ne, ɗakuna a jere, ban-ɗaki guda, kowa da tukunyarsa. Abin da ya fara ba ni mamaki, komi saye ake yi, har itacen wuta, har ruwan wanka da ake turowa a kura. Furarsu tsararo ce, a zuba mata sukari da ƙanƙara, ka sha kwano guda ka tashi kamar ba ka sha ba. Nakan rufe ido in tuno tamu, mai kauri, mai yaji, da nonon da anka kaɗa da safe. Tuwon shinkafarsu dai ban da abin cewa, ya yi. Lantarkin da muke ce ma kuran, su wuta suke cewa, pansama kuma diresin, kuma duk wanda ya ji bakina sai ya ce: "Ba'adara ce, 'yar Faranshi." Na ce to, ku kuma 'yan wa?

Amma babban abin mamakin sunayen matan gidan ne. Ta ɗakin kusa da mu, yarinya ce sa'ata, sunanta Maman Affan. Na tambayi Gwaggo wane ne Affan. Ta nuna mini wani ɗan yaro mai yawo ba wando.

"Na nawa ne?"

"Na farinta."

Na ɗauka wasa take. Sai ga matar ta fito ta cafe shi, ta ɗaga sama, ta sumbace shi gaban uwar mijinta, tana kiran sunansa kamar mai talla. Na ji kunya ta kama ni a madadinta. Na ce ma Gwaggo waɗanga mutane ba su da ta ido. Amma daga ranar, duk sanda ta fito da shi, ni ce bakin ƙofa ina kallo.

Aikin kansa ba ni da labarinsa, allura sunka yi mini a baya, rabin jikina ya mutu. Abin da na sani, na fito da rami wanda dunƙulen hannun yaro zai shiga. Daga nan rayuwata ta koma hanya guda: gida, asibiti, gida. Ila ya koma don noma. Mai yi mini pansama wata nas ce, Sista Asabe, gajera, mai hannu kamar na maƙeri. Ta zare audugar jiya, ta wanke da ruwan gishiri, ta cusa sabuwa har ƙasa. Lokaci-lokaci ta aske gashin da ke kewaye, don ta ce ko ƙwaya guda ta faɗa ciki an koma baya. Ta ce in ci ƙwai da wake da nama, in riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, kada in bar wurin da danshi. Ina ci kwance kamar ƙadangare. Zaman tahiya ma sai da malamin unguwa ya ce in yi yadda na iya.

A layin pansama akwai benci dogo, sau da yawa babu kowa a kai. Ni ina tsaye gefe guda, wani ƙato mai tumbi yana tsaye ɗaya gefen. Rannan ya dubi bencin, ya dube ni, ya ce: "Ƙanwata, ke ma 'yar ƙungiyarmu ce?" Direban babbar mota ne, Mamman sunansa, kuma wannan ne aikinsa na uku. Ya ce ciwon direbobi ne, mi ya kai mace ciki? Na ce ya tambayi wanda ya raba. Duk sanda ya ɗan ji sauƙi sai ya gudu ya koma mota, don bakunan da ke jiransa gida.

"Kada ki yi irin tawa," in ji shi. "Ni yanzu in na ga kujera gaisuwa nake mata daga nesa."

Ran kasuwa nake kiran gida, ta wayar Sahiya, ƙanwar mijina. Ta kai ma Inna. In gaida ta, in tambayi ruwa, in tambayi gero, in tambayi ƙafarta mai ciwo, in tambayi awaki ɗaya bayan ɗaya. Inna ta amsa duka, ta ce kowa lafiya. Kowa! Ni kuwa ba maganarta nake saurare ba, abin da ke bayanta nake kasa kunne: zakara, tabarya, ko za a yi sa'a wata ƙaramar murya ta ratso. Sahiya ta gane, shegiyar. Sai ta karɓi waya ta ce: "Matar yaya, kin gama? Ba wanda kika manta? Kaji ma suna gaishe ki." In zage ta, ta yi dariya.

Ita ce ta faɗa mini ranar da yarinyar ta fara tafiya, daga turmi zuwa randa. Ita ce kuma, ana tsakiyar damina, ta faɗa mini ɗayar maganar, wannan karon ba dariya.

"Inna fa ta ce ta yi ɗiya. Ta faɗa ma mata wurin suna, ta ce ko kin dawo ba ta maida ta. Ta ce ke Allah ya ba ki wani."

Kun san ba sabon abu ba ne. Nawa ne cikinku kakanni sunka riƙe tun daga yaye? Ba wanda zai ce Inna ta yi laifi. Amma ni na san abu guda: in na dawo da wuri, yarinyar na tune da ni, akwai magana. In na daɗe, babu.

Sai na shiga matsa ma rami. Kullum in tambayi Sista saura yaya, ta ce saura. Ana nan anka yi hutu, ga ruwan sama ya cika unguwa, Gwaggo ce ta riƙa canza mini auduga a gida. Hannunta da tausayi, ba ta cusawa har ƙasa, ni kuma ban ce ta cusa ba, don ya fi daɗi. Rannan ta duba ta ce: "Zali, wurin nan fa ya haɗe." Na sa ta ɗauka da waya ta nuna mini. Fata ce sabuwa, ja-ja, ta rufe baki. Na tashi na haɗa kayana. Har tsarabar sabulu na saya.

Da safe na je in yi ma Sista bankwana. Ta ce in kwanta. Ta danna gefe, ta yi tsaki, kafin in ce mi ne na ji ƙarfe ya shiga. Ta buɗe shi. Abin da ya rufe, ta sa hannu ta buɗe. Na yi ƙara har Mamman ya ji daga waje.

"Allah ya isa! Wa ya sa ki?"

"Yi ta zagi," in ji ta, tana ci gaba da aikinta. "Rufi ne bisa rami. Ƙarƙashi yatsana na shiga har gaɓa."

"To ku ɗinke ni! Kuna da zare, kuna da allura, ku ɗinke in tahi gida!"

"In ɗinke ki da ruwa a ciki? Ki tafi, ki dawo mini da baki huɗu? Wai mi kika baro can da ba ya jira?"

Ina kwance rub da ciki, gaban wadda ta ga abin da ko uwata ba ta gani ba, amma na kasa cewa ɗiyata. Sai kuka. Ta bar ni na yi, ta manna filasta, ta ce gobe da wuri.

Na koma na kwance kaya. Maman Affan ta shigo ta tarar da ni, Gwaggo ta ba ta labari. Ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Ke kika haife ta ko aro anka ba ki? Ki kira ki ce a ba ki ita ku gaisa mana!"

Na ce ba a yi. Ta ce wa zai mutu in an yi? Na ce ta fita mini daga ɗaki. Amma ran kasuwar da ta biyo na ce ma Sahiya, ba wasa, ta shiga bayan rumbu da wayar, ta ɗauko wadda ta sani. Ta yi. Ban yi magana ba, ita ma yarinyar ba ta yi ba. Numfashi kawai na ji, da ƙarar maɓallai tana dannawa, sannan wayar ta mutu. Da wannan numfashin na ƙarasa damina.

Naman ya ci gaba da cikowa a hankali, yadda ba ka ganewa sai in an rage yawan auduga. Wani lokaci ya yi toho ya wuce baki, Sista ta ƙona shi da wani ɗan tsinke mai magani. Mamman ya ɓace daga layi, anka ce ya koma mota. Ni na tsaya. Sai da anka gama girbi sannan likita ya danna ko'ina ya ce yanzu kam ƙasa da sama sun haɗu. Ya ce aski kada in bari, wanka da shanya wurin kullum, zama mai tsawo a'a, kuma babu wanda zai rantse mini ba ya dawowa. Na tambayi goyo. Ya ce in ɗan ƙara haƙuri, sannan kaɗan-kaɗan.

Dawowa zaune na yi ta, bisa matashin da Gwaggo ta ɗinka mini. Ban ga komi a hanya ba, kada ku tambaye ni. Na dai san gonaki sun zama kara, rumbuna sun cika.

Da la'asar na shiga gida. Mata sun taru ɗakin Inna ana sussukar wake. Na durƙusa na gaida ta, anka yi barka, anka kawo fura. Yarinyar tana bayan Inna a goye, ta yi tsawo, ƙafafunta na reto, an yi mata kitso. Ta leƙo ta dube ni yadda ake duban baƙo, ta mayar da fuska cikin wuyan Inna.

"Kin ganta nan," in ji Inna, tana magana da matan, ba da ni ba. "Ta zama tawa. Ita wagga ta huta, ta ji da jikinta."

Matan sunka ce haka ne, haka ake yi. Nan ya kamata in sunkuya. Na ajiye ludayi.

"Inna, ban bari ba."

Sussuka ta tsaya. Wata ta ce: "La ilaha! Abin da anka koyo Najeriya ke nan?" Sahiya ta toshe baki da gyale.

"Mi kika ce?"

"Na ce ban bar miki ba. Ɗiyata ce, ina son abata."

Na zaci za ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Ta kwance zane, ta sauke yarinyar, ta tsaida ta tsakaninmu.

"To ga ta. Kira ta."

Ban taɓa faɗin sunan ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Na ji shi a bakina kamar tsakuwa. Na ce: "Tsahara." Ta waiga hagu, ta waiga dama, tana neman wanda ya kira. Na sake faɗi, na miƙa hannu. Ta dubi hannun, ta ja da baya, ta ruga ta kama zanen Inna.

Ba wanda ya yi dariya. Inna ta shafa kanta, ta ce, a hankali: "Da kika tahi, kwana da kwanaki ba ta ci ba ta sha, ni na san abin da na gani. Ba ni sake sa ta wanga kuka, ko don ke. Ki riƙa zowa da safe ki ba ta kunu da hannunki. Ran da ta bi ki da ƙahwarta, taki ce. Ba ni riƙe ta, ba ni kuma tura ta."

To, ga inda muke. Masu cewa na yi rashin kunya su ci gaba, na ji. Kowace safiya ina wanke wurina, in shanya, in dama kunu, in ƙetara tsakar gida. Da fari sai Inna ta riƙe ludayin tare da ni take sha. Yanzu tana karɓa daga hannuna, in dai Inna na inda take ganinta. Jiya da na tashi tafiya ta biyo ni. Ban waiga ba, ina jin sawunta a bayana, har munka kai bakin rumbu. Nan ta tsaya, ta yi tunaninta, ta koma da gudu.

Gobe da safe zan sake dama kunu.